Yadda ake zaga Zanzibar a ga ƙauyuka da daji, ba zaman otal kawai ba

Yawancin mutanenmu in sun je Zanzibar otal ɗin bakin ruwa suke kamawa, a yi hoto a ɗora a Instagram a dawo gida, alhali Unguja, babban tsibirin Zanzibar ɗin, duka ƙarami ne, cikin sati ɗaya za ka zaga shi tsaf in ka tsara.

Fara da takardu tun da wuri. Zanzibar ɓangaren Tanzaniya ce, kuma bizar Tanzaniya ga mai fasfo ɗin Najeriya ba a filin jirgi ake bayarwa ba, sai ka cike ta intanet ka jira amincewa, kuma tana ɗaukar lokaci, kar ka sayi tikiti kafin ta fito. Ka riƙe katin rigakafin shawara, sannan tun Oktoban 2024 hukumomin Zanzibar sun sa wa baƙi inshorar dole ta dala 44. Kar ka je tsakanin Maris da Mayu, daminarsu ce mai ƙarfi.

Kwana biyun farko ka yi su a Stone Town, tsohon birnin Zanzibar. Ka ɓata a lungunan, ba komai, ka leƙa kasuwar Darajani, da magariba ka je Forodhani, dandalin masu sayar da abinci a bakin teku, cin gasasshen kifi da ruwan rake, amma ka tambayi kuɗi kafin a zuba maka. Washegari ka hau kwalekwale zuwa tsibirin Changuu wajen manyan kunkurun nan da aka kawo daga Seshel a 1919, da rana kuma gonakin Kizimbani, inda za ka ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu, kayan da muke saya a ƙulle a leda ba mu taɓa ganin uwarsu ba.

Daga nan ka nufi gabas a dala-dala, motar hayarsu kenan, wasu kamar a-kori-kura aka sa wa benci, arha sosai sai dai matsi, ka tanadi canjin shilin. A hanya ka sauka dajin Jozani, da safe ya fi, wajen jajayen biran da babu irinsu ko'ina sai Zanzibar. Da mai rakiya ake shiga, ba a taɓa su ba a ba su abinci, kuma kar ka tafi ba ka bi gadar katakon da ta ratsa itatuwan cikin ruwan gishiri ba.

To a Paje da Jambiani, ƙauyukan bakin tekun gabas, ne mutane ke shan mamaki. Tekun gabas janyewa yake yi sau biyu a yini, ya tafi can nesa ya bar farin yashi, bayan kamar awa shida ya dawo, wanda bai sani ba sai ya zo da kayan iyo ya tarar ba ruwa ya ce an cuce shi. Ka duba jadawalin cika da janyewar ruwa a waya kafin ka tsara yininka. Ni a ganina lokacin janyewar ma ya fi daɗi, don a nan matan ƙauye ke fita gonakin ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiya tsakanin turaku, a shanya a sayar a yi sabulu da ita. Ka sa takalmin roba saboda ƙayar ruwa, ka yi sallama ka nemi izini kafin hoto, kuma in za ka shiga cikin gari a rufe jiki, Musulmi ne mutanen kuma suna jin haushin masu yawo tsirara-tsirara.

Ka gangara kudu Kizimkazi. Kowa dolfin yake zuwa gani, masu jiragen kuma wani lokaci kora su suke yi da inji, abin ba kyan gani, in za ka je ka nemi mai kashe inji ya jira. Abin da bai kamata ya wuce ka ba shi ne masallacin Dimbani, akwai rubutun Kufi, wato tsohon salon rubutun Larabci, a bangon alƙiblarsa mai shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107 Miladiyya.

Ka bar Nungwi a ƙarshe, can arewa, ruwan ba ya janyewa da nisa don haka iyo kowane lokaci, ga masu sassaƙa jiragen katako a bakin yashi da tafkin kunkurun teku na Mnarani. Akwai hayaniya da mashaya da dare, in da iyali kake ka kama masauki nesa da tsakiyar bakin ruwan, kuma ranar komawa ka ware wa hanyar filin jirgi awa biyu.