Kafin ku share rajistar tsohuwar kwamfuta

'Yan'uwa masu tsofaffin kwamfutoci na Windows XP ko Windows 7, ga shawara kan rajista, wato ma'ajiyar da Windows ke rubuta saitin manhajoji da yawa.

Kada ku taɓa komai sai kun ajiye kwafi. Ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta regedit, ku shiga File, ku zaɓi Export, ku adana fayil ɗin a filasha. Ku kuma ƙirƙiri wurin komawa ta System Restore, wato tsarin Windows da ke mayar da kwamfuta yadda take a baya in abu ya lalace. Ni na taɓa yin gaggawa, na bar manhajar share rajista ta goge duk abin da ta ga dama, washegari firinta ta ƙi aiki ƙememe, ga masu jiran takardu sun cika shago.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: goge tarkacen da tsofaffin manhajoji suka bari ba ya rage girman fayilolin rajistar. Gurbi kawai yake bari a ciki. A XP, ƙaramar manhajar NTREGOPT ce ke sake rubuta su a matse, sai ku kashe kwamfutar ku kunna nan take.

Gaskiya dai saurin da za ku samu daga share rajista kaɗan ne, Microsoft ma ba ta goyon bayan manhajojin sharar rajista. In nauyi ne damuwarku, ku buɗe msconfig, wato wurin saita yadda Windows ke tashi, ku tsayar da manhajojin da ke tashi tare da Windows, ko ku ƙara RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta.