Yadda ake koya wa yaro mai asma shaƙar inhela da kansa

Na gaji da jin iyaye mata suna cewa inhela ba ta yi wa ɗansu aiki. In na ce a nuna min yadda ake ba shi, sai uwa ta ce "buɗe baki", ta fesa fus-fus kamar mai fesa turare. Magani ya tsaya a harshe da maƙogwaro, kaɗan ne ya kai huhu. Ni ma haka na yi wa nawa kusan shekara guda, shi ya sa nake magana da ƙarfi.

Fara da kalolin inhela. Shuɗiya, wato Ventolin, ita ce mai buɗe ƙirji in numfashi ya kama. Mai ruwan ƙasa ta rigakafi ce, ta kullum, safe da dare yadda likita ya rubuta, ko da yaro yana guje-gujensa lafiya lau. Ki ajiye su gabansa, ki ce ya nuna miki wacce zai ɗauka in ƙirji ya fara kukan kyanwa. Kada ki tambaye shi "ka gane?", don kai zai gyaɗa miki ko bai gane ba. Ya nuna da hannunsa.

Sai bututu, wato robar da ake haɗawa tsakanin inhela da bakin yaro, a fesa maganin a cikinta ya shaƙa. A wurina yaro ba ya shaƙar inhela tsirara, doka ce. Na kemis yana da tsada, in babu hali ki sami robar lemo ta rabin lita, ki zafafa wayar ƙarfe a wuta, ki huda gindin robar daidai girman bakin inhelar, ki cusa ya kama tsam, iska ba ta fita ta gefe. Yaro zai sa bakinsa a bakin robar. Kada ki raina ta: likitocin yara a Cape Town sun gwada irin wannan roba, a 1999 suka wallafa cewa aikinta bai gaza na bututun kanti ba. Ɗan ƙasa da shekara huɗu dai ba ya iya riƙe baki da kyau, shi ki saya masa mai marfin fuska.

Ga inda na daɗe ina ɓata magani. Ya miƙe zaune ko tsaye, ban da kwance. Ki girgiza inhela sosai, ki saka a bututu, ya rufe leɓɓansa a kai. Ki danna sau ɗaya. Ɗaya tak. Da likita ya rubuta min fesa biyu, sai na riƙa dannawa biyu a jere don in gama da wuri, ashe wani kaso na maganin bangon roba yake mannewa. Danna ɗaya, ya ja numfashi a hankali, shiga da fita, sau biyar. Ki cire, ki jira kamar rabin minti, ki sake girgizawa, sannan ta biyu. Ƙirgan nan ki bar masa, ya yi da yatsunsa. Nawa da farko sauri yake yi kamar mai hura wuta, sai da na riƙa yi tare da shi da robar da ba magani, muna kallon madubi. Kuma a lokacin da yake lafiya ake wannan darasi. Yaron da numfashi ya sarƙe masa ba ya jin karatu, ke ma hannunki rawa yake.

Daga shekara shida zuwa bakwai ki sakar masa ya danna da kansa, ke kallo kawai. Ciwon ba ya jiran sai kina kusa, a makaranta ko Islamiyya yake kamawa. Shuɗiya ɗaya ta zauna a jakarsa, malaminsa ya sani. Masu cewa in ya saba ba zai rabu da ita ba, ki ƙyale su, inhela ba ta da jaraba.

Bayan mai ruwan ƙasa ya kurkure baki ya tofar, don kada farin ƙuraje su fito masa a baki. Bututu a wanke da ruwan sabulun kwanuka wata-wata, a bari ya sha iska, ban da goge cikinsa da tsumma. Ventolin fesa 200 ce, ki riƙa lissafi, don tana ci gaba da huci bayan maganin ya ƙare. Yaro ya san abubuwan da ke tayar masa da ciwon kuma: ƙurar hunturu, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin icce da na janareta.

In yana neman shuɗiya fiye da sau biyu a mako, ko tari na tada shi da dare, a koma wurin likita. In kuwa ya kasa ƙarasa magana, tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓɓansa sun canza kala, ki ba shi shuɗiya, fesa ɗaya-ɗaya ta bututu har goma, kina yi ana neman abin hawa zuwa asibiti.