Yadda Ake Sauraron Mai Damuwa Bisa Tsarin Carl Rogers

Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka wanda ya rayu daga 1902 zuwa 1987, ya gina tsarinsa a kan cewa mai damuwa ya fi kowa sanin inda ke yi masa ciwo, kuma idan ya samu mai sauraronsa da gaske, yana iya lalubo mafita da kansa. A wata maƙala ta 1957 ya jero sharuɗɗa shida na samun sauyi, uku daga ciki suna wuyan mai ba da shawara: ya zama ciki da waje ɗaya, ya karɓi mutum yadda yake ba tare da gindaya sharaɗi ba, ya kuma fahimci lamarin ta yadda mai shi yake ganinsa.

Ka fara da samun wurin da ba mai jin ku, ka kashe waya, ka faɗi tsawon lokacin zaman, ka kuma bayyana cewa za ka riƙe sirri sai fa idan rai na cikin haɗari.

Abin da ya fi wuya, a ganina, shi ne kame baki daga nasiha. Mun saba da zarar mutum ya fara kawo kukansa sai mu tare shi da "yi haƙuri", wadda magana ce mai kyau, amma idan ta zo da wuri takan rufe masa baki. A ce wata mata ta ce maka, "Tun da Inna ta kwanta ciwo ni kaɗai ke jinyarta, wani lokaci har haushinta nake ji." Kada ka tuna mata haƙƙin iyaye, domin ta san shi sarai, shi ne ma yake hana ta barci. Ka ce mata, "Hajiya, kamar kin gaji matuƙa, kuma wannan haushin yana sa ki jin kunyar kanki." Daga nan ka yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo har ta fara wasa da bakin mayafinta. Idan ta ce, "Ba kunya ba ce, tsoron alhaki ne," to ka bi gyaranta, domin abin da kake yi shi ne gwada fahimtarka. Rogers kansa ya koka da yadda wasu suka mayar da wannan aiki maimaita kalmomi kamar aku.

Karɓar mutum ba yana nufin amincewa da duk abin da ya aikata ba. Mutuncinsa ne ba ya raguwa a idonka saboda abin da ya faɗa. Haka kuma idan zancen ya kuɓuce maka, ka faɗi gaskiya ka nemi a maimaita, maimakon gyaɗa kai na ƙarya.

Rogers ya riƙa naɗar sautin zamansa da masu damuwa tun yana Jami'ar Jihar Ohio a farkon shekarun 1940 domin nazari, kuma kai ma, da izinin mai damuwar, kana iya bitar naka tare da wanda ya fi ka ƙwarewa. Idan kuwa mutum ya ambaci kashe kansa, ka tambaye shi kai tsaye ko ya tsara yadda zai yi, kada ka bar shi shi kaɗai, ka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa a ranar.