Yadda ake sauya wa tsohuwar Golf 3 inji

1. Kafin ka biya kuɗin injin Beljiyam, ka tabbatar lambarsa ta dace da ta tsohon, don Golf 3 tana da mai 1.6, da 1.8, da 2.0. Sa sifana ka juya shi da hannu. In ya cije, bar musu kayansu.

2. Cire kan batir, baƙin tukuna. Tsiyaye baƙin mai da ruwan lagireto.

3. Ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo da wayarka kafin ka zare, ka liƙa musu alama. A nan yawancin mutane ke ruɗewa, sai an zo haɗawa a ga soket biyu masu kama ɗaya.

4. Kwance salansa da shaf-shaf, ɗaure injin da sarƙa, sannan ka kwance robobin da yake zaune a kai. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa yana rataye, don Allah.

5. Tun injin yana ƙasa ka sa masa sabon kuloc da bel ɗin taimin.

6. Ɗora, haɗa, zuba baƙin mai da ruwa. Tayar da shi, in fitilar baƙin mai ta ƙi mutuwa, kashe nan take.