Darasi na 9: Ruwa da Abincin Kifi Mai Sulke

Kifi mai sulke ɗan uwan tarwaɗa ne, sai dai asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne, musamman Amazon. Jikinsa a rufe yake da farantan ƙashi. Iri biyu aka fi ajiyewa a tankin gilashi. Akwai koridoras, ƙarami, wanda bai cika wuce santimita 7 ba, mai son zama cikin 'yan uwansa shida ko fiye. Akwai kuma fileko, mai manne bakinsa jikin gilashi. Wani irinsa yakan zarce santimita 30, don haka kada ƙanƙantarsa a shago ta ruɗe ku.

Mai sayarwa zai ce muku kifin nan shi ne mai sharar tanki, ba sai an ba shi komai ba. Maganar ciniki ce kawai. Ba ya cin kashin sauran kifaye, kuma gansakukar jikin gilashi ba ta isarsa. A ƙasa yake kiwo, saboda haka ku sayi abinci mai nutsewa. Koridoras yana son tana da aka wanke aka yayyanka. Fileko kuwa a ba shi yankan kokwamba da aka ɗan tsoma a ruwan zafi, a sa masa guntun itace irin na tanki ya riƙa kankara. Da dare fileko yake fitowa, sai a zuba masa bayan isha'i, a kwashe ragowar da safe kafin ta ruɓe.

Amma ruwa ya fi yunwa kashe shi. Ruwan famfon Accra, ko daga Weija ya zo ko daga Kpong, akwai kulorin a ciki, wato sinadarin da ake tsabtace ruwan sha da shi, kuma kulorin yana ƙona wurin numfashin kifi. Ku ɗebi ruwan a bokiti, ku bar shi a buɗe kwana ɗaya, ko ku ɗiga maganin kashe kulorin. Bokitin nan ya zama na kifi kaɗai. Wanda aka taɓa yin wanki a cikinsa bai dace ba. Duk mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan tanki a zuba sabo. Kada a sauya duka, kada kuma a wanke soson matata da ruwan famfo, domin ƙwayoyin halitta masu narkar da dafin kashin kifi a nan suke zaune.

Zafin da ya dace da yawancinsu digiri 22 ne zuwa 26. Ɗaki mai rufin kwano a Nima ko Mamobi yakan wuce haka a watan Maris, ruwa mai ɗumi kuma iskarsa kaɗan ce. A nisanta tanki da taga. Idan aka ɗauke wuta, injin da ke hura iska cikin ruwan tanki ya tsaya, ku riƙa ɗiban ruwan da kofi kuna zubawa daga sama, kuma ku dakatar da abinci. Koridoras yakan haura ya haɗiyi iska ya koma, wannan ɗabi'arsa ce. In kun ga yana yi ba hutawa, ruwan ya ɓaci.

A shimfiɗa yashi mai laushi, domin tsakuwa mai kaifi tana cinye masa gashin baki.

Aikin gida: Tankin Hajiya yana cin lita 80. Lita nawa za ta kwashe ranar Asabar? Yaushe ya kamata ta ɗebi ruwan da za ta zuba?