Yadda Ake Tantance Gyaran Gaggawa a Makarantar Gwamnati da Ƙiyasta Kuɗinsa

Kafin a nemi kuɗin gyara daga hukuma, wajibi ne shugaban makaranta ya zagaya gine-ginen aji bayan aji tare da magini, kafinta da mai aikin lantarki, ana rubuta kowace ɓarna da inda take, ana kuma ɗaukar hotonta. Lokaci mafi dacewa shi ne jim kaɗan bayan an yi ruwan sama, domin a sa'ilin ne yoyon rufi da wuraren da ruwa ke kwanciya a gindin bango suke bayyana.

Sai a ware abin da ke iya halaka ɗalibi a yau daga abin da zai iya jira. Bangon da ya karkata, katakon rufin da gara ta cinye, wayar lantarki da ta fito tsirara da ramin masai da murfinsa ya tsage su ne na farko, kuma a rufe wurin tun kafin kuɗi su zo. Tsagewar bango tana buƙatar haƙuri: a auna faɗinta, a yi mata alama da kwanan wata, a riƙa dubawa; idan tana ƙaruwa ko ta wuce milimita 5, a kira injiniya, domin mai yiwuwa matsalar daga harsashin ginin take, shafe ta da siminti kuwa ɓoye haɗari ne kawai.

Bayan waɗannan sai yoyo, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Kwano ɗaya da ya huje yakan ruɓar da katako, ya zubo da silin, ya jiƙa wayoyi, har aikin da kafinta zai gama a yini guda ya koma sake rufin aji gaba ɗaya. Fenti shi ne na ƙarshe.

Wajen ƙiyasi, kada a rubuta "gyaran rufi" kawai. A faɗi murabba'in mita nawa ne, kwano da katako nawa ake buƙata, a raba kuɗin kaya da ladan aiki da na dako, sannan a nemi farashi a rubuce daga 'yan kwangila uku kan jerin aiki iri ɗaya. A ƙara kamar kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, saboda sau da yawa sai an yaye rufi ake ganin ainihin ɓarnar, kuma a sanya kwanan wata a takardar, tunda farashin kayan gini yana iya canzawa kafin a saki kuɗin.