Yadda Ake Zama Jami'in Kare Bayanan Jama'a a Gana

Idan ka taɓa sayen gyaɗa a Nima aka ƙunsa maka ita cikin takardar ofis mai ɗauke da sunayen mutane da lambobin wayarsu, to ka ga ɓarnar da wannan jami'i yake hanawa. Matasan Zango da yawa na zaton aikin sai gwanin kwamfuta. A ganina, mai lura da natsuwa ya fi dacewa da shi.

Fara da karanta dokar. Ita ce Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai da ke Accra. Ta shimfiɗa ƙa'idoji 8, kuma ruhinsu shi ne: kada ka karɓi bayanin mutum sai da dalili na halal, ka faɗa masa abin da za ka yi da shi, kada ka karkatar da shi zuwa wata manufa, sannan ka tsare shi. Duk ma'aikatar da ke tara bayanan mutane wajibi ne ta yi rajista da hukumar, ta sabunta duk shekara 2.

Daga nan ka nemi horon da hukumar ke bayarwa, ka samu takardar shaida. Digirin lauya ko na kwamfuta na taimakawa, amma wanda ya yi shekaru yana riƙe fayil a asibiti ma yana da abin farawa.

Inda ake gane ƙwararre shi ne bin sawun bayanai. Ɗauki makaranta ɗaya a Madina ko ƙaramin asibiti a Mamobi, ka nemi izini, ka zauna da biro. Kwafin Ghana Card da aka karɓa, a wace durowa yake? Makullin yana hannun wa? Lambobin MoMo (asusun kuɗi na waya) na iyayen yara suna wayar akawu ne, wayar da ƙaninsa ke wasa da ita da dare? Sakamakon gwajin jini ana tura shi ta WhatsApp? Ka rubuta komai, har da abin da ya kamata a ƙona tun bara. Wannan rahoton ya fi kowace takarda amfani ranar ganawar neman aiki.

Sai ka koyi cewa a'a cikin ladabi. Wata rana maigida zai ce a ba abokinsa lambobin kwastomomi don talla. "Alhaji, a yi haƙuri, doka ta hana" jumla ce mai nauyi ga wanda albashinsa ke hannun Alhajin, shi ya sa ake ba da shawarar a rubuce. Idan kuma bayanai suka fita, dole a sanar da hukumar da mutanen da abin ya shafa, ba a rufe ba.

Guraben sun fi yawa a bankuna, kamfanonin waya, inshora da asibitoci. Mai son aiki da kamfanin da ke da kwastomomi a Turai sai ya ƙara da dokarsu ta kare bayanai, wato GDPR, wadda ta fara aiki a 2018; can awa 72 kacal ake ba ka ka kai rahoto idan bayanai suka fita.